Umma a Layin Gaba

Shekarar da na fara koyarwa a jami'ar garinmu, aka ba ni darasin ƙididdiga na 'yan ajin ƙarshen mako, ma'aikatan lafiya da suka dawo neman digiri. Ina shiga ajin sai ga Umma zaune a layin gaba, tabarau a kan hanci, sabon littafi a gabanta.

Na san ta cike fom, amma ban zaci a hannuna za ta faɗo ba. Shekara ashirin da shida tana karɓar haihuwa a asibitin unguwa.

"Malam, ɗaga murya, na baya ba sa ji," in ji ta. Aji ya kwashe da dariya, don rabinsu sun san ita ta haife ni.

A gwajin farko ta ci bakwai cikin ashirin. Na daɗe ina juya biro kafin na rubuta bakwai ɗin. Kwana uku da ka take amsa gaisuwata.

Ƙanwata ta ce, "Haba Yaya, ko uku ba za ka ƙara mata ba?"

Daga kicin Umma ta ce, "Da ya ƙara, da ni zan fara kai ƙararsa."

Na roƙi shugaban sashe ya ba wani malamin takardunta ya riƙa dubawa, ya yarda. Da na ce zan koya mata a gida kuwa, sai ta harare ni.

"Sauran ɗaliban malami gare su a falo?"

Ta haɗa kai da wani mai ba da magani da wata mai gwajin jini. Duk Asabar bayan darasi suna kan benci a bayan laburare. Su nuna mata yadda ake danna kalkuleta, ita kuma ta mayar musu da kowace lamba mace mai ciki, har lissafin ya zauna musu duka.

A shekarar ƙarshe ta yi bincikenta a kan matan da ke daina zuwa awo. Gida gida ta bi mata ɗari uku da goma, ta gano yawancinsu daga unguwa ɗaya suke, can tsallaken titin manyan motoci, nesa da asibiti.

Ranar da za ta kare aikin ba na cikin masu tambaya, sai na tsaya a baranda jikin taga. Baƙuwar farfesar da aka gayyato ta buɗe shafi ta ce, "Kin tabbata nisa ne? Ba ƙin asibiti suke yi ba?"

Umma ta miƙe ta je allo. Ta ja jadawali, ta raba matan gida biyu, ta yi gwajin a gabansu ba ta duba takarda ba, alli na zuba a hannun rigarta. Ina bin lambobin a zuciyata, ban sami kuskure ko ɗaya ba.

Farfesar ta rufe kundin. "Wannan kada ya tsaya a kabad. A aika wa hukumar lafiya kwafi."

Da Umma ta fito, na tare ta a bakin ƙofa.

"Riƙe min jakar nan," ta ce. "Takalmin nan ya cinye min ƙafa. Ina ka ajiye motar?"

Bayan wata huɗu aka fara yin awo duk Talata a tsallaken titin.