Farin Yadin Jan Raɓa

Sati uku famfo bai ɗiga ba. Abin da motar ruwa ke kawowa, na sha ne da girki. Ita kuwa matar tela tana da irin tumatir gwangwani arba'in a bayan ɗaki, duk sun langaɓar da kai kamar marayu. In suka mutu, sana'arta ta bana ta mutu.

Sai ta koma wa raɓa. Da asuba takan ja zane a kan ciyawar filin makaranta, ta matse a bokiti. To, zannuwan zamani santsi gare su, ba sa shan ruwa. Surukarta ta ce, "Duba akwatina, 'yar nan, ba a rasa tsumma."

Can ƙasan akwatin ta samo farin yadi mai kauri. Kai, wannan yadi akwai shan raɓa! Kwana tara tana samun rabin bokiti, tumatir suka miƙe, yadi ya koma kore-kore.

Ran na goma mijin ya fito da wuri, ya tarar tana matsa. Ya tsaya cak, buroshi a baki.

"Ke! Ina kika samo wannan?"

"Akwatin Inna mana."

"Innalillahi! Likkafaninta ne! Ni na auno mata shi da hannuna!"

Yadin ya suɓuce mata. Ta dubi tafin hannunta, ta dubi bokitin. Kwana tara tana jan likkafanin surukarta a ƙasa, har ta kan kashin awaki!

Sai ga tsohuwar ta fito tana dogara sanda. Matar tela ta zube a gabanta.

"Inna, wallahi ban sani ba..."

Tsohuwa ta ɗaga yadin da bakin sanda, ta daɗe tana kallo.

"Nawa yake kawowa?"

"Na'am?"

"Ruwan, 'yar nan. Kurma kika zama?"

"Ra... rabin bokiti."

Tsohuwa ta juya ga ɗanta. "Kai, mai baki buɗe, kawo almakashinka. Raba shi biyu, gobe ku fita tare."

"Inna! Likkafaninki fa!"

"Ka ga na yi kama da mai tafiya yau? Shekara shida yana kwance bai tsinana komai ba. Yanka!"

Tela ya ɗauko almakashi, ya yanka. A duk aikinsa bai taɓa yin yanka mai karkata irin wannan ba.