Biyu Na Ƙona, Goma Sha Ɗaya Suka Saura

Ranar Talata ce, ana ruwa tun safe. Ina tsugune a bakin murhu ina juya masa, sai wayata ta yi ƙara. Khairunnisa ce, 'yar ƙanina Manniru. Ko sallama ba ta yi ba, ta ce, "Gwaggo Zulfa, Baba ya cika." Na ce wane Baban? Kamar tana da guda biyu. Ta ce a asibiti a Abuja, bayan azahar za a kai shi. Daga Ibadan babu motar da za ta kai ni Abuja kafin azahar. Masar da ke cikin tanda ta ƙone, maƙwabciyata ce ta shigo ta kashe wutar.

Ban ga gawarsa ba. Har yau abin yana ci mini rai, amma ba shi na zauna rubutawa ba.

A nan Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, aka haife mu. Mahaifinmu Alhaji Babandi mai masauki ne. Fatake daga Arewa, masu kawo albasa da masu zuwa sayen goro, a gidanmu suke sauka, shi yake shiga tsakaninsu da Yarabawa. Na girmi Manniru da shekara shida. Ni na kama hannunsa na koya masa babbaƙu a allo. Ni aji uku na yi a firamare na tsaya taya Inna sana'a. Shi kuwa ya wuce har Jami'ar Ibadan, daga nan Turai, ya dawo da digiri na uku. Shekara goma sha shida yana koyar da harkokin ƙasashen duniya kafin a naɗa shi jakada. Ƙasa biyu ya riƙe. Bayan nan kuma duk inda wasu ƙasashe suka yi tsamin dangantaka, sai mu ji an tura shi.

Na taɓa tambayarsa, "Kai wai me kake yi ne a can, ban da cin abinci da cokali?"

Ya yi dariya ya ce, "Yaya, aikin Baba nake yi. Sai dai ni fatakena suna da tuta."

Yana da ɗaki a gidan nan kusa da zaure. Duk zuwan da zai yi sai ya ajiye kaya a ciki, ya ce in ya huta da aiki a nan zai zauna ya yi rubutu. Bai kai ga hutawar ba.

Bayan sadakar bakwai wasu malamai biyu suka zo daga jami'a, da izinin Khairunnisa. Suka yi mana ta'aziyya da Yarabanci, suka kwashi kwali tara na takardun Turanci za su adana a ɗakin karatu. A ƙarƙashin gado suka tarar da wata tsohuwar jaka, cikinta littattafan rubutu goma sha uku, irin masu baƙin bango. Ɗayansu ya buɗe ya ga baƙaƙen Larabci, sai ya rufe da sauri ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Mama, wannan addu'o'in Farfesa ne, na iyali ne."

Baffa Mijinyawa, ƙanin mahaifinmu, shi ne babba a gidan yanzu. Tsohon dillali ne a Kasuwar Bodija, idonsa ya yi rauni ƙwarai. Ya kanga littafi ɗaya dab da hancinsa, ya ga Bismillah a saman shafi, ya buɗe wani shafin ya sake gani. Ya ce, "Ɗakin nan yana yoyo, ga ɓeraye. Takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a barin ta ta wulaƙanta. Zulfa, ki sami wuri mai tsarki ki ƙona, a binne tokar." Haka muka tashi muka ga ana yi. Ban yi musu ba. A lokacin ko kallon rubutun hannunsa ba na iyawa.

Ranar Alhamis da hantsi na yi alwala, na wanke tsohon kasko, na hura wuta a bayan gida. Na yayyaga littafi na farko na zuba, ina kau da kai. Na bi shi da na biyu. Na uku da na ja, bangon ya ƙi yaguwa, littafin ya faɗi a buɗe a kan cinyata. Idona ya sauka a kan kalma ɗaya: albasa.

Na ce a raina, wace addu'a ce da albasa a ciki?

Na goge idona da bakin mayafi na duba da kyau. Ajami ne. Hausarmu ce ta gida, da hannun nan nasa mai kwanciya gefe ɗaya, wanda na sha dukan yatsunsa a kai bai gyara ba. Ga abin da na karanta:

"Bismillah. Yau kwana goma sha tara da rufe iyaka. Motocin albasa sun fi ɗari a jere, wari ya kai har masaukinmu. Ministocin biyu kowa ya rantse ba zai fara magana ba. Na tuna Baba. Ba ya haɗa mai saye da mai sayarwa a ɗaki ɗaya in ransu a ɓace yake. Ɗaya a zaure, ɗaya a shago, a kai wa kowa abinci, shi kuma ya riƙa kai da kawowa. In wannan ya yi zagi, Baba ya bar zagin a tsakar gida, ya shiga da farashin kawai. Gobe zan nemi ɗaki biyu."

Na juya na dubi kaskon. Babu abin da ya saura sai toka da zaren ɗinkin bango. Na ɗebo ruwa na kwara, ko da yake babu abin cetowa. Kukan da ban yi ba ranar Talatar nan, a nan na yi shi.

Da na natsu na tattara goma sha ɗayan na nufi zaure. Baffa yana kan buzunsa yana ɓare goro.

Ya ce, "An gama?"

Na ce, "Baffa, ba addu'a ba ce."

"To mece ce? Waƙa?"

"Labarin aikinsa ne. Kowace ƙasa da ya je, da abin da aka ce, da abin da ya yi."

Ya ajiye goron. "To ai wannan ya fi zama dole a ƙona. Sirrin gwamnati ne. Kina so a zo a kwashe mu a baƙar mota, ni da tsufana? Kuma Bismillar da ke kowane shafi fa, ta goge kanta ne? Ke da kika gudu daga aji uku, yau ke ce Farfesa?"

Na ce, "Ban gudu ba, Baffa, masa ce ta kira ni. Kuma allon da na yi a gabanka na yi shi."

"Na yanke magana, Zulfa."

A gidanmu in babba ya ce ya yanke, an gama. Ban taɓa ja da shi ba tun ina yarinya. Amma na zauna a ƙasa na ce, "Ka bar ni in karanta maka shafi uku. In ka ce a ƙona bayan nan, da hannuna zan ƙona."

Ya ɗauki goronsa ya ci gaba da ɓarewa. Na karanta masa na albasar. Na buɗe wani littafin ina lalube, Allah ya sa na ci karo da sunansa, sai na ɗaga murya:

"Yau na zauna da wakilin da kowa ke tsoro. Ya yi ta faɗa da yarensu, tafinta yana rage masa zafi. Na bari ya gama, sannan na tambaye shi lafiyar mahaifiyarsa da yaren nasu. Wata uku na yi ina koyon wannan gaisuwar. Ya dube ni ya sauke murya. Wurin Baffa Mijinyawa na koyi wannan, ranar da wata Bayarabiya mai doya ta tara masa jama'a a Bodija. Ya bari ta zazzage duka, sannan ya durƙusa ya gaishe ta da Yarabancin Ibadan har da kirarin gidansu. Ita ta ƙare da ba shi haƙuri."

Baffa ya gyara zama. "Ba doya ba ce, barkono ne."

"Doya ya rubuta."

"To ya yi kuskure. Farfesa guda! Kuma ban durƙusa ba, rusunawa na yi." Ya kai hannu ya share ido. "Ya rubuta cewa ta aiko mini da abinci washegari?"

"Bai rubuta ba."

"Ai kuwa ta aiko. Amala da miyar ewedu, ayoyon nan nasu." Sannan ya ce, "Ina na ukun? Uku kika ce."

Sai da aka kira azahar muka tashi. Ya kafa mini sharaɗi biyu. Na farko, a sa su a akwatin ƙarfe, a ɗora a sama inda ruwa da ɓera ba sa kaiwa. Na biyu, a nuna wa wanda ya san doka kafin wani na waje ya gani. Na ce na yarda.

Abin da ya fi mini wuya shi ne kiran Khairunnisa. A ƙasashen waje ta girma, Hausarta duk a karye take, ajami kuwa ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Na ce mata, "Na ƙona littafin babanki guda biyu da hannuna. Na farko da na biyu, watakila na shekarun da ya fara aiki ne. Ba za su dawo ba." Ina jiran faɗa, sai ta ce, "Gwaggo, nawa suka saura?" Na faɗa mata. Ta ce, "Kina iya karanta su duka?" Na ce ni na koya masa hannun, ko ya rubuta a cikin mota zan gane.

Ta zo da kanta bayan sati biyu. Ta ɗauki hoton kowane shafi, ta kai wa wani abokin aikin babanta ya duba maganar doka. Malaman jami'ar nan suka dawo, wanda ya miƙo mini jakar sai haƙuri yake ba ni. Sun kawo wani mai karanta ajami, amma ya kasa da yawa, domin Manniru yana gutsure kalmomi, yana kuma cusa Yarabanci da sunayen mutanen Sabo da suka daɗe da mutuwa. Aka dawo kaina. Sun ce in an gama za a buga shi littafi, da Hausa da Turanci, ɗalibai su karanta. Khairunnisa ta ce za a sa sunana a ciki. Na ce a sa na mahaifinmu Alhaji Babandi.

Yanzu kullum bayan na idar da sallar walaha sai in sauko da akwatin. In danna wurin ɗaukar murya da Khairunnisa ta nuna mini a waya, in karanta shafi ɗaya a hankali yadda za ta gane, in tura mata ta rubuta. Wani lokaci ta dawo da tambaya, kamar mece ce la'ada, ko wane ne Sammani mai awo, in yi mata bayani. Hausarta ta fara miƙewa. Ina littafi na shida, Manniru yana wata ƙasa mai sanyi yana ƙorafin babu yaji. Shafi ɗaya nake yi, ba na ƙarawa. In na gama sai in sa tsinken tsintsiya a inda na tsaya, in mayar da akwatin sama.