Tekun Kakanni

Dolfin, dabbobin tekun nan masu kama da manyan kifaye, su ne suka ja aka kore ni daga ruwa mai zurfi. Tun ina yarinya muke raba teku ɗaya da su a nan tsibirin Jeju, kuma kowa a ƙauyenmu ya san muryata suka fi ji. Idan garkensu ya taso, mu mata masu nutso mukan ɗago kai, kowa ta rungume gorar da ke riƙe ta a saman ruwa, mu haɗa baki: "Ku bi ta ƙasa! Ku bi ta ƙasa!" Ni ke fara ihun, ni ke rufe shi. Sai ka ga sun sunkuya sun wuce ta ƙarƙashinmu.

To, ran nan an yi ihun, ni Chunwol ina ƙasa, na taso ban ji komai ba. Kunnen hagu ruwa ya daɗe da cinye shi, na dama kuma ina ta ɓoye wa mutane cewa ya bi sahu. Na ɓullo a tsakiyar garke. Wata ta bangaji gorata, ragar da ke ɗaure a jikinta ta kife, na sha ruwan gishiri har ta hanci. Abin haushin ma, Guntuwa ce ta buge ni, wata tsohuwar dolfin da igiyar masunta ta datse wa wutsiya, take tafiya a karkace. 'Yan'uwanta kan rage gudu saboda ita, su koro mata kifi har baki. Na yi shekaru ina mata dariya, ina ce mata cima-zaune.

Da muka fito muka kewaye wuta a cikin zagayen duwatsu inda muke cire kayan nutso na roba, ba wadda ta tsokane ni. Nan na san akwai magana. Okhwa, shugabarmu ta yanzu, wadda ni na koya wa riƙe numfashi, ta ɓare gasasshen dankali ta miƙo mini, ta matso bakinta kusa da kunnena.

"Gwaggo, daga gobe tekun kakanni."

"Me kika ce?"

"Kin ji ni sarai."

"Af! Yanzu kuma ina ji? Ke Okhwa, ina tsamo kawar jonbok a ƙasan teku tun kina fitsarin kwance."

"Na sani, Gwaggo. Shi ya sa ba na son ni ce zan tsamo gawarki."

Tekun kakanni wani lungu ne a bakin gaɓa da aka keɓe wa waɗanda ƙarfinsu ya ƙare. Ruwan bai fi tsawon mutum biyu ba. Na ce zan je, amma da sharaɗi: idan na riƙa cika raga daidai da tasu kafin a rufe kamun bana, su mayar da ni cikin manya. Okhwa ta dubi sauran, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Na ɗauka ta yarda.

Na shiga lungun nan ina cin magani. Sai ga mamaki. Kowane dutse na leƙa, dodon koɗi manya-manya. Jonbok kuwa, kawar nan mai manne wa dutse da muke sayar da rai a kanta, wadda a can zurfi sai ka wuni ba ka ga biyu ba, ga ta nan zaune tana jirana. Kullum ina fitowa da raga maƙil, in jefar a gabansu.

"Ku zo ku gani, ragwaye! A kwatamin da kuka jefa ni na samo."

"Kai, Gwaggo, ki rage mana mana!" in ji uwar Dongsu, ɗaya daga cikin matan, tana tafa hannu. "Ko aljanun ruwa ne ke miki aiki?"

Daɗi ya cika ni. Har na sa aka ɗinke mini inda kayan robata suka yage, saboda sanyin zurfi ba wasa ba ne.

Wata safiya na sa ƙarfen ɓamɓarowa ƙarƙashin wata ƙatuwar jonbok, tun ban danna ba ta saki. Jonbok ba ta saki haka. Na juya ta, sai ga sabon tabon ƙarfe a gefen namanta, wanda ba ni na yi ba. Na duba dutsen. Wadda ta shekara a wuri takan bar farin gurbi, nan kuwa gansakuka ce shar, ko gogewa babu. Na taso na kama gora, na fitar da numfashi.

Ban buƙaci a yi mini bayani ba, don ni na ƙirƙiro wannan dabara. Lokacin ina shugaba, ni na tura Inna Sundok, mahaifiyar Okhwa, wannan lungu. Ta daina cin abinci saboda baƙin ciki, sai na riƙa ɗebo kamun zurfi ina dasa mata a duwatsu kafin ta iso. Takan ɗaga ragarta a bakin wuta ta ce, "Kun gani? Hannun nan bai mutu ba!" mu yi ta shewa. Har ta bar duniya ina alfahari da cewa ba ta taɓa ganewa ba.

Ina rataye a gorar nan sai ga garken ya biyo ta bayan lungu. Can nesa na hango kawunan matan sun taru, bakuna a buɗe, ni kuwa ba na jin komai. Guntuwa ce a ƙarshe, tana jan jiki, biyu sun sa ta a tsakiya. Da ta ɗago ta hura iska, na tofa mata yawu, ko kusa bai kai ba.

Na jira har suka fito. Na ɗauki jonbok ɗin na jefa wa Okhwa a cinya.

"Wannan tabon ƙarfen wa ne?"

Uwar Dongsu ta shiga gyara itacen da bai buƙatar gyara.

"Nawa ne," in ji Okhwa.

"Ni za ki yi wa sadaka? Ni? Na roƙe ki? Kun zauna kuna mini tafi kamar wata jaririya ta fara tafiya! Tir da ku, munafukai."

"Wa ya koya mana, Gwaggo?"

"Uwarki daban, ni daban. Ita ta riga ta rikice, ba ta san bambanci ba."

Okhwa ta ajiye tawul ɗinta. Ta taso ta durƙusa a gabana, ta kama fuskata don in ga bakinta, ta yi magana a hankali.

"Inna ta sani tun ranar farko. Mace ta tsufa a ruwa, ki ce ba ta san dasasshiyar jonbok ba? A gida kuka take yi. Na ce zan yi miki magana, ta hana ni. Ta ce, bar Chunwol, ita ma tana son ta ji ta yi abin kirki."

Na janye fuskata daga hannunta.

"To sharaɗinmu fa?" na ce daga baya.

"Babu zurfi, Gwaggo. Ko bana, ko baɗi. In kina so mu daina dasawa, mu daina. Amma lungun nan fanko ne, kin fi ni sani."

Na tafi gida ban ɗauki ragata ba. Miyar ciyawar teku da na dafa ta huce a tukunya. Na so in rantse ba zan sake taka ruwa ba, amma mace irina in ta zauna a tudu, me za ta yi? Ta tsinki lemo a gonar wani?

Washegari na koma lungu. Jonbok suna nan a kan duwatsu, an jera mini su da kyau, wannan karon ba ko tabo ɗaya. Na tsince su duka. Na jawo ragar zuwa bakin wuta, matan suka ɗago suna kallona, ba wadda ta motsa. Sai a lokacin na tuna cewa Inna Sundok ba ta taɓa duban idona ba in tana kurinta, wuta take kallo.

Na ɗaga ragar sama, na kafa ido a kan garwashi.

"Kun gani?" na ce. "Hannun nan bai mutu ba."

Ta gefen ido na ga hannuwansu suna tafi.