Manhajar da Kafinta Ya Tsinta a Wayarsa

"Duk abin da ke kai rahotona a cikin wayar nan, ki cire min shi," in ji Kafinta, yana ajiye ta a kan teburin gilashi.

Mai gyaran waya ta ɗago daga kan wata waya da ta buɗe wa ciki. Injiniya kowa yake ce mata a layin.

"Baba, ko gaisuwa babu? Wa ya taɓa ka da safen nan?"

Sai da ya leƙa ƙofa ya ga ba kowa, sannan ya ja kujera. Shekararsa sittin da ɗaya, arba'in daga ciki yana sassaƙa katako, awon ƙofa da taga duk a kansa suke. Amma ko sunansa bai iya karantawa ba. In aka miƙo masa takarda, sai ya shafa aljihu ya ce ya manta tabarau. Tabaran da ba a taɓa gani ba ke nan, kuma da su ya rufe wa 'ya'ya biyar baki.

Wata uku ke nan yana koyon haruffa a waya, a bayan shago, da abin sauraro a kunne. Jiya wani mai sayen kujera ya ce masa babban rumbun da ake sauke manhajoji yana rubuta komai a asusun mutum. Shi kuwa Autarsa, malamar makaranta, da asusunta ta haɗa masa wayar. Jin haka sai da guduma ta kuɓuce masa.

"Ba na so yarinyar nan ta san ubanta yana a, ba, ca da furfura," ya ce. "Kunya za ta kashe ni."

Injiniya ba ta yi dariya ba. Ta juyo da tata wayar gabansa.

"Rumbu uku ne, Baba. Wanda kake ciki yana da komai, amma ya fi maƙwabciya sa ido. Na biyu ba ya tambayar sunanka, sai dai kowa na iya zuba kayansa a ciki. In ba ka yi sa'a ba, ka sauke manhaja mai haska fitila, ta kwashe lambobin mutanenka."

"Kamar katakon bakin titi. Sai ka fasa ka ga gara."

"Haka. Na uku kuwa masu sa kai ne suka gina shi. Babu asusu, babu talla, kowa na iya duba yadda aka ƙera kayan. Amma kayan kaɗan ne, kuma ba su da kyan gani. Akwai ta koyon karatu guda ɗaya, sai dai ba ta magana."

Kafinta ya dubi wayarsa. Muryar manhajar da yake koyo da ita ce ke ce masa "madalla" in ya dace, kuma shi kaɗai ya san yadda kalmar ke masa daɗi.

"Sa min na ukun," ya ce. "Na haƙura da muryar."

Ta ɗauki wayarsa tana latsawa, sai ta tsaya.

"Baba, wa ya sauke maka wannan ta karatun?"

"Ba kowa. Wayar gari na yi na gan ta. Na zaci kamfanin waya ne."

"Manhaja ba ta faɗowa daga sama. Mai asusu yana iya turo ta daga wayarsa, ko yana wani gari."

"Mai asusu?"

Ta kau da ido. Ta shiga goge fuskar wayar da tsumma, alhali babu ƙura.

Sai yanzu ya tuna. Da can Auta takan miƙo masa takardar magani ta ce ya duba. Ta daɗe da dainawa, ita take karantawa da ƙarfi, wai tana tuna wa kanta. Ita ce kuma ta saya masa abin sauraron, ta ce don wa'azi. Ashe yarinyar nan ta sani, ta kuma taya shi ɓoyewa. Idonsa ya yi zafi, ya ɗora laifin a kan hayaƙin dalma.

"In goge?" in ji Injiniya a hankali.

"Bar ta. Ki sa min na ukun dai, saboda baƙi masu sa ido. Amma wannan ki bar ta."

Da ta gama, ya karɓi wayar ya buɗe wurin hirarsa da Auta. Daga sama har ƙasa saƙon murya ne. Ya sa ƙaton yatsansa mai kanta ya fara neman haruffa. Ya ɓata, ya goge, ya sake. Haruffa huɗu suka ci masa minti biyar: Auta. Ya tura.

Ba a jima ba wayar ta yi ƙara. A rubuce amsar ta zo. Hannunsa ya nufi aljihu kamar kullum, sai ya tsaya a hanya. Ya matso da wayar, leɓɓansa suna motsi.

"Na'am, Baba," ya karanta.