Shekarar da Kawu Gawie Ya Ceci Naman

Hendrina Swanepoel ta rubuta wasan kwaikwayon ne a kan mijinta, wanda fari ya cinye masa tumaki, baƙin ciki kuma ya ƙarasa shi. Abin da take so bai da yawa: mazan garinmu, waɗanda suka binne shi da safe suka hura wutar gashi da yamma, su zauna sau ɗaya su ji yadda ya mutu. Ni aka ba takardun wasan, in zauna gefe in tuna wa wanda ya manta.

Wikus Terblanche, da aka gayyato daga Cape Town ya shirya wasan ya kuma fito a matsayin mijin, ya dage cewa sai an hura wuta ta gaske a dandalin da ke bayan coci, domin a ganinsa braai, wato gashin nama a kan wuta, shi ne ruhin mutanenmu Afrikana. Na gaya masa mazanmu ba sa iya kallon wuta da mace a lokaci guda. Ya yi dariya, ya kira ni Gwaggo, ya ce na tsufa.

Ranar wasan, da la'asar, Hendrina ta miƙe ta fara doguwar maganarta. A bayanta Wikus ya ɗora haƙarƙarin rago a kan ragar ƙarfe alhali itacen bai zama garwashi ba, harshen wuta na lasar naman.

Gunaguni ya tashi daga kujerun maza. Wani ya ce kitsen zai kama. Wani ya tambayi maƙwabcinsa ko a Cape Town da kyandir suke gashi. Hendrina ta kai ga safiyar da ta iske mijinta kwance a bakin rijiya, amma babu idon da ke kanta.

Sai Kawu Gawie Lategan, dattijon coci, wanda ciwon gwiwa ke hana shi durƙusawa a addu'a, ya haye dandalin kamar saurayi. Karɓar awartaki daga hannun mai wuta abin kunya ne a wurinmu, amma ya karɓa.

"Matsa, ɗana. Wannan ragon ya riga ya mutu sau ɗaya, ya isa."

Aka tafa masa har da fito.

Ganin Hendrina ta dakata, na raɗa mata jimlar da ke gaba, na sake raɗawa. Ta dube ni ta girgiza kai.

"Bar shi, Yaya. Ban manta ba."

Ta tsaya har hayaƙin ya lafa, sannan ta sauka ta bi ta tsakiyarsu ta fita. Suka matsa mata hanya da ladabi, ba tare da sun ɗauke ido daga garwashin ba.

Na roƙi Ubangiji ya ba ni haƙuri da su, har yau ina roƙo. Ba a sake yin wasan ba. Kwamitin coci ya gode wa Kawu Gawie ranar Lahadi.