Muryar Rafali a Motar Kamfe

Ba wanda ya taɓa ganinsa da usur a baki, amma duk 'yan unguwar da Rafali suke kiransa, wato alƙalin wasa, saboda ba abin da zai faru a gari bai yanke masa hukunci ba. Gyaran firiji da fanka ne sana'arsa, a wani ɗan shago da ke bakin titin da ya nufi filin wasa. In ka kai masa firiji, sai ka shirya kunnenka. Yana kwance kwampreso yana gaya maka abin da ya sa kulob ɗin garin ba ya cin wasan waje, kafin ya liƙe bututun gas ya riga ya faɗa maganar tsadar mai da ramukan titi. A wurinsa duk abu ɗaya ne.

"Hukuma kamar 'yan baya a wasan ƙwallo take," yakan ce. "In tana aikinta, mantawa ma kake da ita. Ran da ka ji ana ta kiran sunanta, to an zura mana."

Kusan kowace safiya sai ya buga waya a shirin ra'ayin jama'a na gidan rediyon garin, kuma mutane na jiran muryarsa. Wanda ya fi shan bulalar bakinsa shi ne Ciyaman na ƙaramar hukuma, wanda ke neman komawa kujerarsa. Ciyaman ya yi alkawarin famfo, ya yi alkawarin titi, ya yi alkawarin rufa wa ɓangaren talakawa na filin wasa kwano. Har yanzu rana ce ke gasa su duk ranar wasa. Rafali ya ce bai taɓa ganin ɗan wasan da ya iya murna tun bai ci ƙwallo ba kamar Ciyaman.

A gidan rediyon nan ƙaninsa Auta yake aiki. Tun rasuwar mahaifinsu Rafali ya riƙe shi, da sukundireba da ƙarfen walda ya kai shi har ya gama karatu. Aikin wucin gadi Auta yake yi, yana haɗa sauti, yana kuma ɗaukar wayar masu kira kafin a sa su a iska. Kullum kukansa ɗaya, an ƙi tabbatar da shi.

Wata ranar Asabar da hantsi sai ga Auta a shago da 'yar na'urar ɗaukar murya.

"Yaya, shiri za mu yi kan tsofaffin magoya bayan kulob. Na ce musu in ba a fara da yayana ba, ba a yi komai ba."

Rafali ya goge hannu da tsumma, ya jawo wa ƙaninsa kujera, shi kuma ya zauna a kan wani injin wanki da ya mutu. Daɗi ya kama shi, bai ɓoye ba. A lokacin ana ta rigima kan kocin kulob ɗin, wanda kwantiraginsa ke dab da ƙarewa. Wasu na cewa a kore shi. Rafali kuwa a bayan kocin yake ɗari bisa ɗari, don haka da Auta ya taɓo maganar sai ya gyara zama.

"Kocin nan ya same mu a ƙasan teburi..."

"Tsaya, Yaya." Auta ya ɗaga hannu. "Kada ka yi ta cewa koci, koci. Ai za mu faɗi sunansa a farkon shiri. Ka ce mutumin nan kawai, ya fi daɗin ji."

Rafali bai kawo komai a ransa ba. Yaron ne ya san aikinsa. Ya sake ɗaukowa daga farko, ya zuba magana son ransa, har mai facin da ke maƙwabtaka da shi, Dogo, ya leƙo yana dariya ya koma. Da Dogo suke zama benci ɗaya a filin wasa tun suna samari.

Kwanaki suka shuɗe, shirin bai fito ba. In ya tambaya sai Auta ya ce ana kan gyara.

Ranar da abin ya fito, yana tsugune bayan firijin wata mai sayar da ƙanƙara, yana ɗura masa gas, matar na tsaye tana jira. Wata mota mai lasifika ta taho a hankali da hotunan Ciyaman a jikinta. Kiɗa ya tsaya, sai wata murya ta cika titin.

"Mutumin nan ya same mu a ƙasa, ya ɗaga mu. Duk wanda ya ce bai yi aiki ba, to son zuciya ne ya rufe masa ido. Ni Rafali na ce a bar shi ya ƙarasa abin da ya fara!"

Sai wata murya ta biyo baya tana kiran sunan Ciyaman da alamar jam'iyyarsa.

Rafali bai san lokacin da ya miƙe ba. Tiyon gas ya suɓuce yana huci a ƙasa. Mai ƙanƙara ta dubi motar, ta dube shi.

"Ikon Allah," ta ce. "Kai ma?"

"Ba shi nake nufi ba. Koci nake nufi."

"To," kawai ta ce, ta gyara mayafinta.

Kafin azahar motar ta wuce ta dawo, ta sake wucewa. Gidan rediyo ma ya kama sa tallar tsakanin shiri da shiri. Dogo ya zo bakin shago da ƙarfen cire taya a hannu, bai shigo ba.

"Da ka gaya mini, ai da na taya ka ciniki," ya ce.

"Dogo, kana nan fa aka ɗauki maganar nan. Har ka leƙo."

"Na leƙo na gan ka kana magana. Ban ji a kan wa kake yi ba." Ya juya ya koma wurin tayoyinsa.

Rafali ya kira Auta, waya na shiga ba a ɗauka. Washegari da safe ya buga lambar shirin ra'ayin jama'a. Aka ɗauka, ya ji numfashin ƙaninsa.

"Auta, sa ni a iska."

"Layin ba kyau, Yaya."

"Ina jin ka garau. Sa ni."

Wayar ta katse. Ya rufe shago, ya tari acaɓa zuwa gidan rediyo. Mai gadi, wanda da yake tarbarsa da hirar wasan jiya, yau cewa ya yi sai da izini. Rafali ya tsaya a gindin katanga har Auta ya fito. Sabon katin ma'aikata na rataye a wuyansa, yana ƙoƙarin tura shi cikin aljihun riga.

"An tabbatar da kai ke nan," in ji Rafali.

Auta ya sunkuyar da kai. "Yaya, mu matsa gefe."

"Nan ma ya isa. Kai ka yanka muryar?"

"Manaja ne ya ce mutanen Ciyaman na son muryar da jama'a suka yarda da ita. Ya ce in na kawo taka..."

"Shi ya sa ka ce in daina cewa koci."

Auta ya kawar da kai.

"Da shirinka ka zo shagona. Na ba ka kujera, ni na zauna kan injin wanki."

"Yaya, don Allah ka duba. Shekara nawa kana magana a rediyon nan? An gyara famfo? An rufa kwanon? Magana ce kawai, iska ke kwashewa. Ni kuwa ina da mata, ga ciki. Bayan zaɓe kowa zai manta."

Rafali ya daɗe yana kallonsa. Wannan ne yaron da yake ɗorawa a wuya ya shiga da shi filin wasa, don kada a tattake shi a ƙofa.

"Ni ba ni da gida a sabuwar unguwa, ba ni da mota," ya ce. "Abin da nake da shi, in na yi magana a ce Rafali bai ci na kowa ba. Shi ka ɗauka ka kai musu."

Ya tafi da niyyar ya nufi ɗaya gidan rediyon da ke garin, ya faɗi komai da sunan kowa. Amma ya ce bari ya biya gida ya sanar da mahaifiyarsu tukuna, kada ta ji a bakin duniya. Ya same ta a ɗakinta tana ninke kayan jikoki. Ya zauna a bakin ƙofa ya kwashe labari ya gaya mata. Inna ba ta yi salati ba, ba ta ko ɗago ba. Ta ci gaba da ninki.

"Inna, kin ji abin da na ce?"

"Na ji, Babba."

"Kin sani ke nan."

Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Ya zo ya shawarce ni. Na ce yayanka mai haƙuri ne, zai yi fushi ya huce. Kai kana da sana'arka a hannu, ba mai korarka. Shi fa? In ka je ka tona shi, manajan zai ce bai san zancen ba, a kore shi, ƙila har a rufe shi. Ka rufa masa asiri, don darajata."

"Ni nawa asirin fa, Inna?"

"Kai namiji ne."

Ya tashi ya fita tsakar gida. Matarsa na tsaye bakin kicin, ta ji komai. Ta ce, "Baban 'yan biyu, yau yaran sun dawo da kuka. A makaranta ana ce musu 'ya'yan mai talla." Ya wuce ta ya shige ɗaki. Bai kuma je ɗaya gidan rediyon ba.

Ranar Lahadi kulob na da wasa a gida. Matarsa ta ce ya haƙura da zuwa, ya ce bai taɓa fashin zuwa kallo ba, kuma bai yi sata ba balle ya ɓuya. Ya sa rigarsa ta kulob ya tafi. Da ya hau bencinsu sai ya tarar Dogo ya koma layin baya. Wasu matasa suka hango shi, ɗaya ya kwaikwayi muryarsa, "A bar shi ya ƙarasa abin da ya fara!" Dariya ta tashi daga wannan gefe zuwa wancan.

Ya daure har aka tafi hutun rabin lokaci. Sannan ya hau kan benci ya juyo ya fuskance su.

"Jama'a, ku saurare ni! Kun san ni. A wannan ranar muke ƙonewa tare. Maganar nan a kan koci na yi ta, wallahi a kan koci. Yanka ta aka yi aka liƙa wa wani."

Hayaniya ta ɗan lafa. Da yawansu suna son su yarda, ya gani a fuskokinsu. Wani dattijo mai sayar da tikiti a da, wanda kowa ke girmamawa, ya ɗaga murya.

"To, Rafali, mun ji. Abu mai sauƙi ne. Wa ya ɗauki muryar? Faɗi sunansa, mu duka nan mu raka ka har ofishinsu."

"Faɗi! Faɗi!" in ji matasan.

Rafali ya buɗe baki. Ya dubi Dogo, wanda ya ga Auta a shagon da idonsa. Dogo ya kawar da kai, yana kallon masu zuba ruwa a fili. Ko tausayin yaron ya ji, ko gudun shiga rigimar gidan wani ne, Rafali bai sani ba. Sunan na kan harshensa. Ya tsaya haka, hannu a sama, har shirun ya yi yawa.

"Ka gani ko?" wani ya ce. "Babu kowa. Sauko, ka tare mana."

Ya sauko. 'Yan wasa suka dawo fili, kowa ya mayar da hankalinsa can. Kulob ya ci wasan, mutane suka yi ta tsalle suna rungumar juna, shi yana zaune da hannu a cinya.

Ciyaman ya koma kujerarsa. Ba a jima ba aka sallami kocin, aka kawo wani ɗan uwan matar Ciyaman. Da a da ne, da garin ya kwana ya tashi da muryar Rafali kan wannan. Bai buga waya ba. Masu kawo gyara suka ragu, sannan a hankali suka dawo, don ba wanda ya kai shi iya kwampreso. Sai dai yanzu in ka kai masa firiji, ya gaya maka abin da ya lalace da ranar da za ka dawo, shi ke nan. Inna kuwa yana gaishe ta safe da yamma, ba ya zama.

Wata rana da la'asar Auta ya zo shago. Ya yi sallama, aka amsa masa ba a ɗago ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana juya waya a hannu.

"Yaya, an sauka lafiya. Namiji."

"Allah ya raya."

"Sunanka nake so in sa masa." Ya ɗaga wayar, ya ci gaba. "Kuma asalin muryar tana nan a wayata, ba yanka. Yanzu ƙura ta lafa. In kana so in tura maka, ka sa wa su Dogo su ji."

Rafali yana naɗa wayar tagulla a cikin injin wata fanka, yana bi a hankali da yatsa. Ya kai ƙarshen layin kafin ya yi magana.

"Ranar da na hau benci ake bukatarta."

"Yaya..."

"Yaron bai yi mini komai ba. Ka sa masa sunan da ka ga dama, zan zo in gan shi." Ya ɗauki filaya ya datse wayar fankar. "Matsa daga ƙofa, ka tare mini haske."

Auta ya matsa. Ya ɗan jima a tsaye a waje, kusa da tulin matattun fankoki, ko za a ce ya shigo ya zauna. Da ya ga ba a ce ba, ya sa wayar a aljihu ya gangara titi.