Kibiya ta Biyu

Maijidda ta ɗora kibiyar da ke nuna arewa a kusurwar hoton, ta ja kujera baya don ta ga ko kibiyar ta zauna daidai, sai hannunta ya tsaya cak a kan kwamfutar.

Zauren otal ɗin da ke unguwar Ruwais a Jidda ya cika da ƙarar guduma. Gobe Halbrok, kamfanin Turawa mai haƙar tagulla, zai yi bikin cika shekara sittin, kafintoci na ta kafa alluna. Allunan sun ba da tarihin yadda kamfanin ke son a ji shi: ramin farko a wani tsauni na Kudancin Amurka, jirgin ruwan farko, makarantu, yara suna dariya. Babu allon da ya ambaci leburorin da aka harbe a yajin aikin tsaunin nan, ko kogin da ya koma kore har awaki suka daina shansa. Maijidda ta karanta duk wannan tun tana Zariya, kafin ta karɓi aikin. Ta ce wa kanta ita taswira take zanawa, ba ta taɓa riƙe bindiga ba.

Hoton da ke gabanta daga sama aka ɗauke shi. Sabuwar maƙabartar Zango ce, can tsallaken Bahar Maliya. Hausawa mahajjatan ƙafa ne suka kafa Zango suna jiran jirgin da zai haye da su, waɗanda ba su samu hayewa ba suka yi gari. Da aka gano tagulla a ƙarƙashin garin, sojoji suka zo da manyan motoci suka kwashe mutane. Har yanzu ana shari'a kan wannan a ƙasar kamfanin, kuma wannan hoton shi ne abin da Halbrok ke nunawa duk inda aka tayar da maganar: ga shi, har matattu mun mayar cikin mutunci. Kaburbura a jere, fes, da katanga da bishiyoyi.

Aikin Maijidda kaɗan ne, ta sa ma'auni da kibiya a tura wajen masu buga hoto kafin magariba. Amma da kibiyar ta zauna, ta ga abin da ba ta so gani ba. Daga Zango Makka na gabas. Kabarin Musulmi a can ya kamata ya miƙe kudu da arewa, mamaci a kan damansa, fuskarsa gabas. Waɗannan sun miƙe gabas da yamma, sun bi layin titin da motocin kamfani ke wucewa. Ko dai kawunan mutanen ne ke fuskantar Makka, ko tafin ƙafafunsu.

Ta sake aunawa. Ta sake.

Thamer, shugaban sashen hulɗa da jama'a, yana can yana faɗa da wani kafinta. Haifaffen Jidda ne, jikan Hausawa, yana jin Hausa sarai amma ba ya yin ta sai in ba ya son Turawa su ji. Ta kira shi ta nuna masa. Ya sunkuya ya duba, ya daɗe, sannan ya waiga ya ga inda Daraktan kamfanin yake.

"Ya ukhti," ya ce a hankali, "ke an ce ki sa kibiya. Halas, shi ke nan."

"Yaya Thamer, ka ga abin da na gani?"

"Na ga hoto wanda lauyoyi sun duba, sun ce tamam." Ya shafa gemu. "Iƙamarki yaushe tana ƙarewa?"

Takardar izinin zama ƙasar yake nufi. Wata mai zuwa ne, kuma kamfanin ne kafilinta, mai tsaya mata. Dukansu sun sani.

"Ni ba na tsorata ki, wallahi," ya ce. "Ina gaya miki yadda yake ne. Mutane sun mutu tun zaman, tun da daɗewa. Allah ya san inda Makka take."

Ya koma wajen kafintansa.

Da ba don Inna Mastura ba, da ƙila ta tura hoton a lokacin. Tsohuwar ce ta riƙe ta tun zuwanta Jidda, bayan sun haɗu a asibiti Maijidda na fama da Larabcin da bai wuce na makarantar Islamiyya ba. Tun da Inna ta ji inda take aiki ba ta taɓa zagin kamfanin a gabanta ba. Abu guda ta roƙa: in ta ga hoton sabuwar maƙabartar, ta kawo mata. Mahaifiyarta na ciki.

Bayan la'asar Maijidda ta ɗauki tasi zuwa unguwar Bani Malik, inda Inna ta koma da 'ya'yanta tun da aka rushe unguwarsu Karantina. Hawa na uku, matattakala mai warin albasa da turaren wuta. Ta tarar da ita a tsakar falo tana tsince ganyen na'ana'a.

"Injiniya! Yau ba Juma'a ba, me ya koro ki? Ko Turawan sun gane ba kya cin abinci sun sallame ki?"

"Hoton na kawo, Inna."

Tsohuwar ta goge hannu a zani, ta karɓi wayar da hannu biyu. Ta kai ta kusa da ido, ta nisanta, ta sake kusantowa.

"Masha Allah. Har da bishiya." Ta yi 'yar dariya. "Iya ba ta taɓa samun inuwa irin wannan ba tana da rai. Wanne ne nata?"

"Ba a rubuta ba, Inna."

"Ma'alesh, ba komai. Da ma ba mu rubutawa. Dutse biyu Baba ya sa."

Ta ajiye wayar a cinya, ta ci gaba da tsinkar ganyen, tana magana kamar da kwanon take.

"Ina ƙarama sosai, amma ina tunawa. Daga Haɗeja suka taso tana amarya, suna tafe suna noma wa mutane, suna tafe. A hanya aka haife ni. Muka iso Zango, ga teku, aka ce bayansa Makka ce. Nan ciwon ƙirji ya kama ta. Kullum da yamma sai ta ce wa Baba ya fito da ita ƙofar bukka ya juya ta wajen ruwa. Ya ce, ke Bilkisu, ba abin da za ki hango. Ta ce ai ba hangowa take so ba." Inna ta kaɗa kai. "Ran da za ta cika ta ce masa, Malam, tunda ban kai ba, ka ajiye ni ina kallo. Shi da kansa ya shiga kabarin ya gyara mata kunci. Sannan ya goya ni muka hau jirgi."

Maijidda na kallon tabarma.

"Ya binti, ke da aikinki sanin gabas da yamma. Sun kwantar da ita daidai?"

"Zan duba, Inna."

Tsohuwar ta ɗago. Idanunta sun yi rauni, amma ta yi shekaru tana wa matan unguwa wankan gawa, ta san muryar mai ɓoye labari.

"Za ki duba," ta maimaita.

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta miƙa mata wayar, ta tashi da ƙyar ta ɗora shayi. Daga kicin ta ɗaga murya tana ba da labarin jikarta Razan da ta ce miyar kuka kamar fenti take, tana dariya fiye da yadda labarin ya kai. Da Maijidda za ta tafi, ta cusa mata dabino a jaka kamar kullum, ta rako ta bakin matattakala, abin da ba ta saba yi ba.

"Kada ki zubar da abincinki saboda ni," ta ce. "Kina da uwa a Zariya tana jira. Yalla, tafi."

A cikin tasi Maijidda ta yi ta juya maganar. In ta rubuta wa Darakta, takardar za ta wuce wajen lauyoyi ta kwanta, ita kuma a gode mata a watan gobe. In ta yi shiru, gobe baƙi za su tsaya gaban hoton da kofin gahawa a hannu su ce masha Allah, har da bishiya. Motar ta tsaya a danja. A gefen titi wani mai gadi ya shimfiɗa kwali zai yi sallar da ta kuɓuce masa, ya ɗan karkata shi da ƙafa kafin ya tayar.

Ta koma otal, ta tarar an kusa gama kafa alluna. Ta buɗe kwamfuta, ta auna layin da ya taso daga Zango zuwa Ka'aba, ta zana kibiya ta biyu kusa da ta farko, siririya, koriya. A ƙarƙashinta ta rubuta kalma ɗaya da Larabci da Turanci: alƙibla. Kibiyar ta kwanta tare da kaburburan, tsawo da tsawo. Ba ta ƙara komai ba, ba ta rage ba.

Darakta ne ke sa hannu a kan kowane allo kafin a buga. Dogon Bature ne mai fara'a, yana alfahari da ya iya cewa in sha Allah. Ya zo da Thamer a bayansa, ya leƙa.

"Wannan koriyar fa?" ya tambaya da Turanci.

"Tana nuna inda Makka take, ranka ya daɗe," ta ce. "Musulmi na duba wannan a maƙabarta."

Fuskarsa ta washe. Ya ce abin da suke nema ke nan, mutunta al'adar mutane. Ya ce gobe akwai manyan baƙi daga Riyad, da 'yan jarida, da malamai biyu da aka gayyato su buɗe taro da addu'a, dole su ga kamfanin ya san darajar addininsu. Ya bi kibiyar da yatsa, ya bi layin kaburburan.

"Dubi yadda suka yi daidai da ita! Ba ko karkata." Ya juya. "Thamer, me ka gani? Ba ta yi ƙanƙanta ba?"

Thamer bai kalli Maijidda ba. Hoton yake kallo. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a goge kibiyar, ta isa a goge sunanta daga ofis. Can waje aka fara kiran sallar magariba, kafintoci suka shiga ajiye guduma.

"Ta yi ƙanƙanta," Thamer ya ce da Turanci. "Daga bayan zaure ba za a gan ta ba."

Darakta ya sa hannu ya wuce allo na gaba. Thamer ya tsaya yana gyara hannun rigarsa, kamar maɓallin ne ya dame shi.

"Kakata ma ta Zango ta biyo," ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa. "Ita ta samu jirgi."

Maijidda ta kama gefen kibiyar ta ja, ta yi girma har ta kai tsawon katangar maƙabartar, sannan ta tura wa masu bugawa.